Na Je Haɗeja Ganin Akwatin Rage Kuɗin Wuta

Kano, Tashar 'Yankaba

Ana idar da sallar asuba na rataya jaka na fita, ko koko ban tsaya sha ba. Wanda ya sa ni wannan tafiya kuwa Kawu Sale ne na Haɗeja, ƙanin mahaifiyata. Ya daɗe yana damuna a waya, wai ya samo maganin kuɗin wuta. Ni ina da shagon lemo da ƙanƙara a Kano, kuma katin mita ya fi kuɗin haya cin aljihuna. Kawu ya ce wani injiniya ya kafa masa na'urar daidaita ƙarfin wuta a shagonsa na kaji da kifin sanyi, tun daga nan bai sake sayen kati ba.

"Habu, ka taho da kuɗinka," in ji shi. "Saura kaɗan suka rage, mutane rububi suke yi."

Na kwaso abin da nake tarawa don ƙarin firiza, na ce gani ya kori ji.

A tasha ɗan kamasho yana ta ihun "Haɗeja mutum ɗaya!" Na shiga da sauri. Ashe rabin waɗanda ke cikin motar 'yan tasha ne aka zaunar don cika ido, duk fasinjan da ya zo sai ɗaya ya sulale. Rana ta fito ta same mu a nan, har yanzu mutum ɗaya ake nema. Da muka tashi, ni da wani mai tallan atamfa aka cusa a kujerar gaba, gwiwata tana gogar giya.

Gezawa, Ringim, Gujungu

Shingayen hanya ban ƙirga su ba, don na gaji. Duk inda muka tsaya direba ya miƙa hannu ta taga, masu shingen su ce Allah ya kiyaye, ba wanda ya duba ko tayarmu tana da rai.

A Gujungu muka tsaya cin abinci. Na ci waina da miyar taushe a tsaye, na kora da shayi. Direban, wani dattijo mai bakin goro, ya tambaye ni abin da zai kai ni Haɗeja. Na ba shi labarin na'urar. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Ni ma an taɓa sayar mini da wani ɗan ƙarfe," ya ce, "wai a ɗaura a tiyon mai mota ta rage sha. Yana nan ɗaure har yau. Tana sha kamar raƙumin da ya dawo daga sahara."

Na ce masa wannan daban ce, ta Turawa ce. Ya ce nasa ma na Turawa ne.

Daga nan gaba ƙasa ta fara sauyawa. Damina tana ƙarewa, ruwa kwance a fadamu hagu da dama, shinkafa ta yi kai, balbelu fari fat a kan kunyoyi.

Haɗeja

Gab da azahar muka shiga gari. Na hau adaidaita zuwa shagon Kawu. Tun daga bakin layi nake jin rurin janareto, ban kawo komai a raina ba. Kawu ya tarbe ni da murna, ya tambayi Yayarsa da yara, sannan ya kama hannuna ya kai ni gaban abin.

Akwatin ƙarfe ne mai ruwan toka, ya kai girman akwatin lefe, an ɗaure shi a bango kusa da mita. An goge shi yana ƙyalli. Akwai 'yan ƙwayayen fitila a gabansa, duk a mace.

"Kawu, ai ba ta aiki."

"Ai babu wuta. Taransifomar unguwar ce ta ƙone."

"Yaushe?"

"Satin da aka kafa ta."

Na dubi akwatin, na dubi janareton da ke zuƙar mai a ƙofa. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, tun da aka kafa ta, wuta ta taɓa ratsa ta?"

"Ta ratsa mana, kwanakin farko."

"To ai ni ma in aka ɗauke mini wuta haka, ba zan sayi kati ba."

Fuskarsa ta canza. Ya ce matsalar 'yan Kano ke nan, komai sun fi kowa sani. Ya ce gobe zai kai ni Auyo wajen amininsa Malam Ado mai shagon lemo, shi ma ya saya a kan maganarsa, kuma su can ana ba su wuta.

A gidansa na sauka. Matarsa Inna Talatu ta yi tuwon sabuwar shinkafa da miyar kuka, ga farfesun tarwaɗa wanda ya sa na yafe wa ɗan kamashon 'Yankaba. Da ta zo kwashe kwanuka, Kawu ya fita alwala, ta rage murya ta ce, "Habu, ka duba masa abin nan da kyau. Ni ba ya jin maganata."

Auyo

Da hantsi muka hau babur ɗin Kawu. Titi na nan lafiya lau, amma ya ce ya san yanke. Yanken ya kai mu bakin ruwan da ya cinye hanya, har sai da muka jira mai kwalekwale. Aka kinkimi babur aka kwantar a tsakiya, muka tsuguna muna riƙe da shi, ruwa yana lasar bakin katako. Na karanta duk addu'ar da na sani.

Mun sami Malam Ado a ƙofar shagonsa, zaune yana ɓare gyaɗa. Sai da muka gama gaisawa ya miƙe, na ga abin da yake zaune a kai. Akwatin ne, irin na Kawu sak, an shimfiɗa masa buzu.

Kawu ya ce, "Ado, mene ne haka?"

"Kujera ce, Alhaji. Ba ta girgiɗi."

Ya shigar da mu ciki. An kawo wuta kuwa, ga ƙwan lantarki a sama ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, fanka tana juyawa har kana iya ƙirga fukafukanta. A kusurwa firji a buɗe, an jera omo da ashana a ciki.

"Haka take zuwa mana kullum, rabin rai," in ji Malam Ado. "Wannan kuma da aka kafa ta, sai ta ƙara rage ta. Firji ya yi ta gurnani yana son tashi ya kasa, har injinsa ya ƙone. Yanzu lemo a randa nake sanyaya shi."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Kai ka kawo mutumin har ƙofata, ka ce ka tsaya masa. Da wane baki zan gaya maka? Na bar wa Allah."

Kawu bai taɓa gyaɗar da aka zuba mana ba.

A kwalekwalen dawowa muka kai tsakiyar ruwa. Can Kawu ya nuna mini wani fili bayan gonakin shinkafa, ya ce gonarsa ce, nan yake alkama in ruwa ya janye. Na ce to lokaci ya kusa. Ya ce, "Injin ban ruwan na sayar na sayi akwatin." Ya ƙara da cewa akwai maƙwabtansa uku a kasuwa da suka ba da kafin alƙalami saboda shi. Mai kwalekwale ya ci gaba da tura gorarsa kamar bai ji ba.

Haɗeja kuma

Bayan la'asar injiniyan ya zo shago, don an gaya masa baƙon Kano ya iso da kuɗi. Sabo sunansa. Kwat ya sa cikin wannan zafin, gumi yana bin wuyansa, takalmi kamar madubi. Ya buɗe waya yana nuna mini hotunan manyan kantunan ƙasashen waje, fitilu reras kamar gidan biki.

Na ce ya bar hotuna, ya gaya mini aikinta da Hausa.

Ya ce wuta takan zo da ƙarfin da ya wuce buƙatar firji da fanka, mita kuma tana lissafa har da rarar. Na'urar tana aske rarar nan, sai kuɗi ya ragu. Gaskiya bayanin ya shiga kai, kuma ban musa ba cewa a garin da wuta ke zuwa a ƙoshe abin zai yi amfani.

Na ce, "To in ta zo a rame fa, irin ta Auyo? Me za ta aske?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, ranka ya daɗe. Akwai wata na'urar da muke kawowa mai ɗaga wuta. Sai a kafa ta a gaba ta ɗaga, wannan kuma ta rage."

Kawu ne ya miƙe. Ya kama wuyan hannun Sabo, riƙon manomi, ya ce, "Da bakina na kira mutane, da ƙafata zan kai ka. Mu je."

Haka muka bi layin kasuwa, Kawu a gaba yana jan mai kwat, mutane suna leƙowa. A kowane shago Kawu ya tsaya ya ce, "Na yaudare ka ban sani ba, ga shi zai mayar maka da naka." Biyu Sabo ya mayar musu nan take ta waya. Na ukun, wani tela, ya ce sai gobe, telan ya ce to ya cire kwat ɗin ya ajiye. Ya cire kuwa. Na Kawu da na Malam Ado dai ya ce an riga an kafa, kamfani ba ya karɓar abin da aka kafa, kuma duk magiyar da aka yi masa bai sauya ba.

Komawa

Da safe kafin in tafi tasha na miƙa wa Kawu kuɗin da na zo da su, na ce ya sayi injin ban ruwa. Ya ture hannuna, ya ce bai lalace har ɗan 'yar'uwarsa ya yi masa sadaka ba. Na ce ba sadaka ba ce, jari ne, rabin alkamar bana tawa ce. Sai ya ce, "Kashi ɗaya cikin uku. Kai ba ka san wahalar ban ruwa ba." Muka shirya a haka.

Inna Talatu ta ɗaure mini bandar kifi a kwali, warinsa ya sa mai kujerar kusa da ni ya yi ta tsaki har Ringim. Ana kiran magariba na shiga gida lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Inna Talatu, da Malam Ado, da mai kwalekwalen da bai kifar da mu ba. Shi kuwa Injiniya Sabo, Kawu ya ce an ga ya hau motar Gumel da sauran akwatunansa, babu kwat. Mutanen Gumel, shawarata ita ce duk mai injin ban ruwa ya ɗaure shi da sarƙa.