Kai Maganin Lamba Ƙasar Keita Cikin Jakar Harsashi

Madawa zuwa Azarori

Ran Talata ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ɗaure wa doki sirdi a ƙofar gidan likita na Madawa, inda nake aikin yi wa mutane lamba. Bazara ce, shekara biyu bayan ƙare yaƙin Turawa. Labari ya zo agana ta shiga ƙauyukan kwarin Keita, cikinsu har da wanda ƙanwata Hadiza take aure da ɗiyanta uku.

Maganin yana cikin ƴan kwalabe sirara kamar karan gamba. Abu biyu ke kashe shi: girgiza da zafi. Akwatin da muke sa shi ya tafi wani rangadi, don haka na je wajen kawuna Dodo, tsohon soja, na aro jakunkunan harsashin da ya dawo da su. Guda uku ne na fata mai tauri, kowace kamar tafin hannu biyu, da marfi mai kifowa a kan maɓallin tagulla. A baya akwai madauki da ake zura ɗamara. Biyu a gaba, ɗaya a gadon baya.

Kawu ya ce, “Ta gaba amana ce, ɗana, idonka na kanta. Ta baya kuwa sai Allah.”

Na naɗe kwalaben da auduga, goma goma a kowace jaka, na yafa jiƙaƙƙen ƙyalle. Ƙarfe bakwai da rabi na iso Azarori, na sake jiƙa ƙyallen a rijiya. A nan na fara gane halin fatar: ba ta shan ruwa, amma tana shan rana. In ka taɓa marfin sai ka ji kamar murfin tukunya. Na mayar da jakunkunan ƙarƙashin riga, gefensu na ta gurzar haƙarƙarina.

Buza

Daga sha ɗaya zuwa la’asar na fake a gindin wani gawo, na tona rairayi mai laima na binne jakunkunan. Ina zaune ina kallon wurin kamar mai gadin kabari. Sai dab da magariba na hau tudun Buza, wajen kilomita hamsin daga gida.

A bakin gari wani gardi, ɗan sandan Turawa, ya tare ni. Ya ga tudu a ƙirjina, ya ɗaga rigar da bakin bulala.

“Kai, mi wanga? Harsashi? Wa ya ba ka kayan soja?”

“Magani ne, ranka ya daɗe. Ga takardar likita.”

Bai iya karatu ba, ya riƙe ta a juye. Ya ce in buɗe. Maɓallin nan an yi shi don kada ya buɗe da gudu, sai da na sa babban yatsa har sau uku. Ya zaro kwalba ɗaya yana jujjuya ta. Da na ce na agana ne, ya mayar da sauri ya goge hannu a wando. Can kuma ya rage murya.

“Ina da ɗiya biyu. In ka komo, ka biyo.”

Na kwana a zauren wani mai saƙa, aka kawo mini tuwon dawa da miyar kuka. Jakunkunan suka kwana a gindin randa.

Gangaren dutse

Laraba ƙarfe huɗu da rabi na tashi. Hanyar Keita duwatsu ne baƙaƙe da kwazazzabai. Wajen ƙarfe takwas, a wata gangara, doki ya yi tuntuɓe ya durƙusa. Ban faɗi ba, amma na ji ƙara a bayana, siririya, kamar an taka ƙanƙara.

Na sauka. Ramin da maɓallin jakar baya ke shiga ya tsufa ya buɗe baki, marfi ya ɗage ban sani ba. Kwalba bakwai sun tarwatse a kan dutse, maganin na bushewa ina kallo. Kowace ɗaya ta ishi gida guda. Na tsince ukun da suka tsira na cusa a jakunkunan gaba, na ɗaure marfinsu da zare. Sauran tafiyar jan dokin na yi a ƙasa, hannu ɗaya a linzami, ɗaya a ƙirji.

Ƙauyen su Hadiza

Bayan la’asar na hango garin, kilomita kaɗan kafin Keita. Rigata ta jiƙe da gumi, na tuɓe ta, jakunkunan suka fito fili. Mata na bakin rijiya. Ɗaya ta dube ni ta saki guga ta ƙwalla ihu, “Soja! Masu kamu sun zo!”

Kafin in kai ƙofar gari an watse. Maza sun haye dutse, mata sun kwashi yara sun bi kwazazzabo. Shekarun baya duk wanda ya shigo musu da irin wannan ɗamara, samari ya zo ɗiba, wasu aikin hanya, wasu soja, da yawa ba su komo ba. Na tsaya tsakiyar gari ni da kaji, ga magani da ba zai ƙara jure wani yini ba.

Wata tsohuwa ce kaɗai ta rage, Inna Tabawa, ƙafa ta hana ta gudu. Fuskarta duk zanen agana ne na tun yarinta. Na durƙusa na gaishe ta.

“Inna, ni ne wan Hadiza matar Ali. Lamba na kawo.”

“Wan Hadiza da kayan kisa a ƙirji? Buɗe in gani.”

Na kwance zaren na buɗe. Ta sa yatsa ta taɓa audugar, ta sunsuna. Sannan ta ce, “Tuɓe wannan abu. Ba mai sabkowa in yana jikinka.” Ta jawo ƙwaryarta, muka jera kwalaben a ciki, ta rufe da faifai, ta tura jakunkunan ƙarƙashin gadonta na kara. Ta dogara sanda har bakin gari ta yi ta kira da sunaye, ɗaya bayan ɗaya.

Hadiza ce ta fara fitowa, goye da ƙaraminta. Ta gan ni ta fashe da kuka. Babbar ɗiyarta, Zali, tana kwance a bukkar bayan gari kwana shida, cutar ta riga ni.

Har duhu ya hana ni gani ina tsaga damatsa, washegari na ci gaba. Maganin ya ƙare saura gida huɗu. Mai gari ya ce in duba jakar ko akwai ragowa. Na zazzage masa ita, auduga kawai ta faɗo.

Kwana bakwai na zauna, don in zafi ya kashe maganin, lambar ba za ta tashi ba, na yi wa mutane tsaga a banza. Kullum da safe ina bin gidaje ina ɗaga hannuwan yara. Ran kwana na huɗu Zali ta rasu. Ran na biyar na ga ƙurji ya taso a damtsen ƙanenta, fari, da ja kewaye. Lambar ta tashi, zafi bai kashe maganin ba.

Komowa

Na biyo ta Buza na gaya wa gardin ba saura, na yi masa alkawarin zagaye na gaba. Ran Alhamis da azahar na shigo Madawa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni, na gode wa mai saƙan Buza da Inna Tabawa. Likita ya ba ni sabon magani don gidaje huɗun nan, ya ce in koma jibi.

A gida mahaifiyarmu na bakin ƙofa, ba ta bari na sauka daga doki ba.

“Jikokina?”

Na ce, “Biyu sun tsira, Inna.”

Ta riƙe linzamin. Sannan ta ce, “Sabko ka sha ruwa, ka gaya mini wanne ne.”