Ranar da Anka Yanke wa Gawo Hukunci

Ko sunana za ni manta, ba ni mantawa da wata Laraba da anka ba ni umarnin kashe itatuwa uku saboda kare muhalli.

Lokacin hanya ba ta lalace ba. Wani kamfani ya kafa masaukin baƙi kusa da Kurawa, irin na masu kuɗin da sunka gaji da jin daɗi, suna neman wahala mai tsabta. Bukkokin kara ne, amma ciki akwai katifar da in ka kwanta sai an aiko mutum biyu su ciro ka. Muƙamina jami'in hulɗa da al'umma. Ga wanda bai san aikin ba: in kai wa mutanen gari maganar da ba su so, in dawo in ce sun yi murna.

Ƙa'idar gidan, kowane baƙo sai ya dasa icce kafin ya tafi, a ɗauke shi hoto yana share zufar da bai yi ba. Filin dashen kuwa gefen gonar wani dattijo, Baba Isiyaku, ne, kuma cikinsa akwai gawo uku da ya gada wurin mahaifinsa. Ku yaran birni, gawo ba shi tafiya tare da sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, rana ta samu gero, ƙasa ta samu taki. Da rani, sa'ad da komi ya bushe, sai ya yi kore, shanu su ci 'ya'yansa. Kowane ɗan akuya a Gobir ya san wannan.

Sabuwar manajarmu, Madam, ta iso daga Abuja tsakiyar damina, baƙi kuma za su sauka ranar Alhamis. Ta leƙa filin ta dafe ƙirji.

"Malam Bala, waɗannan matattun fa? A cire su yau. Za su ɓata hoto."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba su mutu ba, hutu suke."

"Itace yana hutu da damina? Ni na karanta muhalli har waje. Ko su tafi, ko kai ka tafi."

Na tuna bakunan da nake ciyarwa, nan take na gane ashe itatuwan sun daɗe da rasuwa.

Na ɗauko Na'Allah mai gatari daga Tsamaye. Kan mashin na raɗa masa, "Don girman Allah ka yi aikin nan kamar na gwamnati." Mutumin ya gane. Ya wasa gatari har azahar. Ya yi alwala, ya ce ta karye, ya sake. Ya nemi shayi. Amma Madam ta ja kujera ta zauna kansa, dole ya fara sara.

Ƙarar gatarin ce ta kawo Baba Isiyaku, da kalme, fartanyarsa ta noma, a kafaɗa.

"Bala, mi iccen ga ya yi muku?"

"Baba, cewa anka yi ya mutu."

"Wa ya yi mishi wanka? Ni da nike ƙarƙashinai tun ban da wando ban ji rasuwa ba, sai wadda ta zo shekaranjiya?"

Madam, da yake ba ta jin Hausa, ta tambayi abin da yake faɗi. Na fassara mata duka, ban rage ko wasali ba. Ta yi murmushi ta ce tana matuƙar girmama ilimin gargajiya, a ci gaba. Bayan la'asar babban ya faɗi. Baba ya dafa kututturen, ya juya ya tafi. Na'Allah ya ce ƙugunsa ya riƙe, sauran biyun sai gobe.

Da safe, kafin ƙugu ya saki, motar baƙi ta iso. Cikinsu akwai wata tsohuwar Baturiya da ta yi shekaru tana aikin gona wajen Maraɗi. Tana ganin iccen kwance ta ɗora hannu a ka, ta shiga faɗa da Turanci, in ya ƙare mata ta ara Faransanci. Abin da ta faɗi, wallahi shi Baba ya faɗi jiya, sai dai ita ba ta riƙe kalme ba.

Nan gawo biyu sunka tashi daga matattu. Kafin azahar an kewaye su da fararen duwatsu, an kafa allo mai bayani. Madam ta gaya wa baƙi wancan iska ce ta kayar da shi, iska mai gatari. Sannan ta aike ni in roƙo Baba ya zo ya yi wa baƙi lacca kan hikimar kakanni.

Na same shi yana noma. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Jiya na yi laccar, kyauta. Ka ce musu malamin ya tashi."

Na koma na ce Baba ya yi murna, amma ba shi jin daɗin jikinsa.

To, ku da kuke shiga wannan sana'a, ga abin da na koya. Baƙin ba miyagu ba ne, Madam ma da gaske take son itatuwa, na cikin littafi. Amma kafin ku taɓa komi a gonar mutum, ku tambayi mai gonar, kuma ku yarda da amsarsa tun tana Hausa. In kun jira a maimaita ta da Turanci, icce ɗaya ya riga ya faɗi.