Aman Inna a Takaba

Inna tana cikin takabar babanmu amai ya kama ta. Ina gidana a Kazaure aka bugo mini waya, na hau acaɓa zuwa ƙauyenmu, can bayan Roni. Na tarar da ita a kwance, jiki zafi rau, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali saboda ciwo. Leɓɓanta sun tsattsage. Na mintsini fatar hannunta, ta tsaya ta ƙi komawa. Rabonta da fitsari tun jiya.

Gwaggo, yayar babanmu, tana zaune a bakin ƙofa da carbi. Ita ta kwashe buta da kofi daga ɗakin, wai ruwa ƙara amai yake yi.

Na ce, "Gwaggo, asibiti za mu kai ta."

"Mai takabar? Duk bokonki ba ki san ba ta fita ba?"

"Ai ko malamai sun ce in da lalura ta fita."

"To, ba a gidan ƙanena ba."

Mu uku babanmu ya bari, duk mata. Kowa a gidan ya san in aman nan na ciki ne, aka kuma haifi namiji, Gwaggo da Baffa, ƙanensu, ba su da ko taki ɗaya a gonar fadama. Ba wanda ya furta, amma na karanta a fuskar Gwaggo, kuma a ranar na tsane ta har cikin raina.

Na tafasa ruwa ya huce, na haɗa na gishiri da sikari, ina ɗiga wa Inna da cokali. In ta mayar, in dakata kaɗan, in ci gaba. Ƙwayar ciwon kai ta ƙi zama a cikinta. Na yi ta goga mata jiƙaƙƙen tawul, Gwaggo na taɓe baki tana cewa wahalar banza. Da na ga idon Inna na ƙara zurmawa, na fita na roƙo wata malamar asibiti ta biyo ni gida. Ta soki yatsa ta gwada, ta ce zazzaɓin sauro ne. Ta yi allura, ta rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar gidan sauro.

Da fitsari ya zo, Gwaggo da kanta ta ɗauki gwangwanin da aka tara shi a ciki, ta miƙa wa malamar.

"'Yar nan, a duba mana ɗayan ma."

Malamar ta duba, ta ce babu ciki. Gwaggo ta saki hamdala har zaure ana ji. Kafin la'asar ta damo kunun tsamiya, ta sa an yanka kaza, ta zauna tana yi wa Inna fifita, tana sannu, sannu, kamar ita ta haife ta.

Inna ta sha, ta ce, "Na gode, Yaya." Da Gwaggo ta fita, ta juya ta fuskanci bango. Na zaci barci ne, sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ni ma na ɗauka ya bar mini wani abu."