Dogon Karan Auta

Ina kwance a ƙarƙashin a-kori-kurata a wani gareji a unguwar Lokuwa, man giyar motar da ya gauraya da ruwa yana ɗiga mini a hannu fari fat kamar kindirmo, lokacin da tatsuniyar bushiya ta faɗo mini a rai. A safiyar ranar aka aiko mini cewa Kaka, mahaifiyar babana, ta kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba a ƙauyenmu na ƙasar Gude. Mayo, wato kogin da ke hanyar ƙauyen, ya cika, babur ba ya ƙetarewa. Motata ce kaɗai a dangi da za ta iya ɗauko ta zuwa asibiti, ga ta kuma a kan jak.

Muna yara, da an gama cin tuwo sai Kaka ta kife turmi a gefen murhu ta zauna. Takan zuba ɗanyen ganye a wuta don hayaƙi ya kori sauro, mu kuma mu jera masara a kan garwashi. Ni take fara tsokana. "Maigida, matso. Mijin da ba ya kawo ko gishiri, sai kunne." Daga nan ta ce, "Ga ta nan tafe da ɗingishi," mu amsa, "Ta ƙaraso mu ba ta tabarma." Da Hausa take farawa, in labari ya yi daɗi ta zarce da yaren Gude ba ta sani ba.

Wai ruwa ne ya cinye ramin bushiya, dole ta ƙetare mayo da 'ya'yanta uku, ita kuwa ba ta iya iyo ba. Sai ta yi dabara: za su taka ta ƙarƙashin ruwa, kowa da karan ganyen gwanda a baki yana shaƙar iska. Mun san karan sarai, da shi muke hura kumfar sabulu. Ta yanko huɗu, ta gwada su tsawo ɗaya cif, don kada a ce ta nuna bambanci. Suka shiga. Da aka kai tsakiya, nata karan yana waje, na manyan biyu ma haka, na Auta kuwa ya nutse, don shi ne gajere. Bai yi kuka ba. Ta dai ji ya saki ƙafarta. Ta juyo ta jawo shi gaɓa, ta yi ta danna masa ciki har ya amayo ruwan. Sannan ta koma gindin gwanda ta yanko masa karan da ya ninka nata.

"Me ya hana ta goya shi?" na tambaya.

"A kan ƙaya? Maigida, kai dai akwai baki." Ta juya masarata da ta fara ƙonewa. "Wanda ya fi kusa da ƙasa, shi ake yanke wa dogon kara. Kuma ba zai roƙa ba, bakinsa cikin ruwa yake."

To, ni ma abin da bushiya ta yi na yi. Da na sayi motar don jigilar gyaɗa da masara daga ƙauyuka, na sa aka ɗaga bututun iskar injin har gefen gilashi, ina ta taƙama babu ruwan da zai tare ni. Bayan ƙetare biyu, bayan motar ya fara kuka. Malam Ishaya, tsohon bakaniken da na kai wa, ya kama yatsana ya ɗora a kan wani ɗan nono a saman aksil, ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi.

"Ɗana, nan ma tana numfashi," in ji shi. "Ƙarfe ya yi zafi, ka tsunduma shi a ruwan sanyi, sai ya ja numfashi. Abin da ya tarar a bakin ƙofa shi zai haɗiya. Allah ya so ka, haƙoran giya ba su ci juna ba."

Muka zubar da man, muka wanke, muka zuba sabo. Ya cire ɗan nonon ya ɗaura wani mai bakin tiyo, muka sa tiyon mai muka matse da kilif. Ni na bi da shi ta jikin shasi, nesa da salansa, na bar masa ɗan sassauci don kada ya tsinke in mota ta faɗa rami. Tiyon aksil na baya muka kai shi har bayan kujerar direba, na aksil na gaba muka haura da shi cikin bonet, muka sa wa kowanne ƙaramar filta, baki yana kallon ƙasa. Da gaggawa nake aikin, Malam Ishaya yana cewa in bi a hankali.

Kafin la'asar na ƙetare. Na tarar da Kaka a kan tabarma ta ƙanƙance, da na ɗauke ta ban ji nauyi ba. Kunya ta kama ni. Sau nawa na wuce mararrabar ƙauyen nan da kaya ban ratse ba? In aka tashi aike, rabo ɗaya nake yi mata da kowa, sabulu da sukari, tun da ba ta taɓa cewa tana son wani abu ba.

A dawowa, ruwa ya shanye tayoyi, motar tana tafiya a hankali. Kaka ta buɗe ido ta dubi ruwan.

"Maigida, ba za ta sha ruwa ba?"

"Na yanke mata dogon kara, Kaka. Har na ƙasan."

Sai na ji ta kama gefen rigata. "Ashe kana ji. Na zaci masarar kake zuwa ci."

Bayan an sallame ta daga asibiti, ta ƙara damina biyu a duniya, a ɗakin da ke kusa da nawa a gidana na unguwar Lamorde. Har yanzu, duk farkon damina nakan shiga ƙarƙashin motar in hura tiyon nan in ji ko ya toshe. In na fito na wanke hannu, sai in zauna in lissafa waɗanda suka daɗe ba su roƙe ni komai ba, in fara kiransu ɗaya bayan ɗaya.