Motar da Ba Ta Son Gaisuwa

Mahaifina yana da wata tsohuwar a-kori-kura wadda ta girme ni, kuma ta fi ni gata a gidanmu na Anka. Da zafi lafiya lau take. Amma da zarar ɗari ya shigo sai ta tsiro da iskanci: muddin ƙafa na kan totur tana tafiya, in ka ɗaga ƙafar sai ta yi tari, ta girgiza, ta mutu. Makanikai suna cewa ba ta da silo. Ni kuwa cewa nake ba ta da kunya.

Babu abin da Baba bai yi mata ba. Ya kankare fulogi, ya hura kafireta da baki har ya kurɓi fetur, ya lulluɓe bonet da bargon Inna. Da safe ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin inji, mu kuma mu ja da baya muna salati. Inna ta ce da ita aka yi wa rabin wannan hidima, da ba ta san ciwon gwiwa ba.

Bakaniken bakin tasha ya gano cutar: wayar cok ta tsinke, inji ba ya samun isasshen mai in yana da sanyi, irin wayar kuma an daina ganinta. Maganinsa ɗaya, kada a tsaya a hanya sai inji ya yi zafi sosai.

To, nan gizo ke saƙar. Baba ba ya wuce mutum. Gaisuwa ta tagar mota a wurinsa wulaƙanci ce. Sai ya tsaya, ya sauko, ya tambayi gida, ya tambayi sanyi, ya tambayi bisashe. Kafin a kai ga tambayar gajiya mota ta mutu, batir kuma ba ƙarfi, wanda aka gaisar shi zai tura. Har dattawa suka fara shigewa lungu in sun ji ƙararta.

Dariya ta ƙare ranar da Baba ya faɗi wajen turi, jininsa ya hau. Babban yayanmu ya tara mu, aka yi magana a gaban Inna: in motar ta sake mutuwa a hanya, Baba zai ajiye makulli. Ya amince. Na san abin da ya amince da shi, zaman ƙofar gida ne, da roƙon yara su kai shi unguwa.

Wata safiya mai ɗari muka kama hanyar Nasarawa Burkullu ɗauko hatsi, ni aka haɗa shi da ni don in zama shaida. Ya wuce mutanen masallaci da ɗaga hannu, fuska kamar ya haɗiyi maɗaci. Mun fita gari ke nan, inji bai gama ɗumi ba, sai ga wani tsohon Bafulatani a gefen hanya da sandarsa. Abokin Baba ne tun suna samari, matarsa ta rasu kwanan nan, ba su haɗu ba tukuna.

Na ce, "Baba, mu tahi, ma yi mai gaisuwa in mun dawo."

Ya taka birki.

Na ce, "To bari in riƙe maka totur."

Ya harare ni. "Ina ka taɓa ganin an yi ta'aziyya inji na ihu? Sai ya zaci sauri mu kai. Sauko kai ma, ba ka hi ƙarhin durƙuso ba."

Muka durƙusa. Muna tsakiyar addu'a na ji motar ta yi tarinta, ta girgiza, ta yi shiru. Baba ko waiwaye bai yi ba. Ya shafa fatiha, ya tambayi 'ya'ya da jikoki, ya tambayi shanu, bai rage komai ba.

Tsohon ya jingine sandarsa zai kama turi, Baba ya riƙe masa hannu. Ya je ya zaro makulli ya miƙo mini.

Haushi ya kama ni, idona kuma ya cika. Na ce, "Baba, ni ban ga komi ba. Ba ni hwaɗa ma Yaya."

Ya ce, "Kai ba ka gani ba, ni na gani. Tsaida muna mai babur."