Muciyar Yaya Abibata

Majeed da Latifatu, ku gafarce ni da na ɗora muku karatu alhali idanunku ba su bushe ba. Da ina da wata hanya, da ban dame ku ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga Mayu 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran mahaifiyarku, Hajiya Abibata, maƙwabciyata ta shekara ashirin da biyu a Moshi Zongo.

Yaya Abibata, ko haihuwa aka yi a layinmu ko rasuwa, tuwonki da miyar ayoyo, wato lalo, ke fara shiga gidan. Shekara shida ke nan aka dasa miki na'urar bugun zuciya a ƙasan kafaɗar hagu, wadda kike kira "batirina". Da kika dawo daga asibiti sai muka hana ki kicin. Ni ce kan gaba, ina faɗa da bakina. Na ɗauke bilendarki na ɓoye a ɗakina, don na ji mata a wajen suna suna cewa duk abin lantarki yana tsayar da na'urar. Ban bincika ba. Wata huɗu kina zaune a tabarma ana miƙo miki tuwon wasu, kina ramewa, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Rannan kika ce, "Kausara, ke da kika yi allo, ɗauko alƙalami. Mu je mu tambayi wanda ya san abin."

Likita na faɗa ina rubutawa da ajami. Firji ba matsala, akwatin ɗumama abinci ma haka. Bilenda ki yi aikinki, kada dai ki rungume ta a ƙirji tana juyawa. Inda ya ja kunne shi ne murhun nan mai fuskar gilashi da Majeed ya aiko, mai aiki da maganaɗisu. Ya ce ki bar kamar kamu ɗaya da taƙi tsakaninsa da ƙirjinki, in kika ji jiri ki ja baya, ki zo asibiti. Ba mu koma gida ba sai da kika sa masassaƙi ya yi miki doguwar muciya daidai awon. Kina tuƙi daga nesa kina dariya: "Hannu ya gaji ba komai, batir dai lafiya lau." Ranar na mayar miki da bilendarki, kika yafe mini tun ban gama roƙo ba.

Yanzu ana yawo da magana wai murhu ne ajalinki. A gabana likita ya gaya wa Latifatu ciwon ƙoda ne, na'urar kuwa tana aikinta har ƙarshe. Iyakar abin da na sani ke nan, ba zan ƙara ba. Amma maganar ta kai unguwar Lamashegu, gidan ƙanena. Matarsa Maltiti an dasa mata irin na'urarki kafin azumi, kuma tun ranar jana'iza ya sa wa kicin kwaɗo. Jiya ta ce mini, "Yaya, in Hajiya ba ta tsira ba, ni wace ce?" Zan raka su wajen likitanta, don kowa da tasa na'urar. Sai dai tsoron da na gani a idonta ba takarda ce za ta cire shi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke a Aljanna kamar yadda kika ciyar da mu. Ku kuma 'ya'yana, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya haɗa kanku.

Ga abin da ya sa na dame ku. Muciyar tana ɗakina. Ranar da za a kwantar da mahaifiyarku a asibiti ta ce, "Ajiye mini, zan dawo in tuƙa na Sallah." Yanzu ta zama gado, ba ni da ikon bayarwa ko da itace ne. Ana iya sassaƙa wata, na sani. Amma ina so Maltiti ta riƙe wadda aka yi shekara shida ana tuƙi da ita, ta ga inda tafin mahaifiyarku ya goge ta. Kun yarda in kai mata? In kun ƙi, hakkinku ne, zan aiko muku da ita.

Babbar Sallah saura mako uku. Don Allah ku ba ni amsa da wuri.

Kausara, Moshi Zongo, Tamale