Shayin Tsohuwar Krakow

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta Shisha a Makka, ni da maiɗakina, tasi ta kai mu Jidda. Sai da muka sauya jirgi a Istanbul kafin mu sauka Krakow, tsohon birnin sarakunan Poland. Hutun kwana huɗu na samu bayan hidimar alhazai, na ce ita ma ta zo ta sha iska.

Gari ne na masu tafiya da ƙafa. Titunan tsakiyarsa duwatsu aka jera, ga wani makeken fili da tsofaffin gine-gine suka kewaye. Duk awa wani yakan busa ƙaho daga hasumiyar coci, sai ya katse busar a tsakiya. Maiɗakina ta ce, "Wallahi numfashinsa ne ke ƙarewa." Rana kuwa ba ta gaggawar faɗuwa, sai wajen ƙarfe tara muke magariba. Abinci ya fi na Makka sauƙi a lokacin Hajji, amma tsoron alade ya sa muka riƙe kifi da wani burodi zagayayye mai riɗi da ake sayarwa a kowane lungu.

Rana ta uku muka hau tudun tsohuwar fada da ke bakin kogi. Maiɗakina tana da ciwon suga, ni kuma na manta dabino a masauki. Muna tsakiyar hawa ta damƙe hannuna, gumi na keto mata.

"Malam, duhu nake gani."

Na zaunar da ita a kan dakali, na rasa yaren da zan nemi taimako da shi.

Wata tsohuwa mai sayar da burodin nan ta bar kayanta, ta taho da fulas ɗin shayinta. Ta ƙara suga, ta kafa mata kofin a baki, tana shafa bayanta tana ta magana da yarensu. Ko kalma ɗaya ba mu ji ba. Da idon maiɗakina ya washe na ciro kuɗi, tsohuwar ta harare ni har na ji kunya.

Washegari muka kai mata dabinon Madina, ba mu same ta ba. Wani mutum muka tarar a wurin, muka ba shi, muka yi ta kwatance da hannu. Ko ya isar, Allah masani.

Mun dawo Makka lafiya. Jiya a tashar Kudai na ga wani dattijo riƙe da jaka, yana tambaya da yaren da ba mai ji. Da can nuni nake yi da yatsa in wuce. Wannan karon na karɓi jakar, na raka shi har ƙofar motarsu.